Herminia, Mun Kwantar da Ke Inda Za a Yi Titi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu na shekarar 2003, da hantsi, Allah ya yi wa Doña Herminia Saldívar rasuwa a gidanta da ke bayan layin dogo, nan Santa Rufina ta kudancin Texas, tana da shekara saba'in da bakwai. Araceli, 'yar yayanta, ita ta bugo mini waya. Ta ce, "Doña Ofelia, Goggo ta tafi." Na sauke tukunyar wake daga kan wuta, na yafa mayafi, na tako zuwa gidan da ƙafa kamar yadda na saba.

Komadre, haka na kira ki tun ranar da kika riƙe ɗana Baldemar a bakin ruwan baftisma kika zama uwarsa ta biyu a gaban Allah, haka kuma zan kira ki yau. An yi ta yabonki a makon nan. Fada ya yabe ki a coci, jarida ta buga hotonki, majalisar gari ta aiko da furanni masu tsayin mutum. Duk wanda ya miƙe sai ya ce ke ce kika tsige wayar ƙayar da ta raba maƙabarta, kuma gaskiya ne. Amma ba wanda ya buɗe baki ya ce maƙabartar nan da kika yi wa yaƙi, bayan Ista za a kawo katafila a shimfiɗa titi a kan gefenta na kudu, inda ƙaninki Rogelio yake kwance. Ba wanda ya ce mai sa hannu a kan haka shi ne magajin garin nan, ɗan da na haifa, ɗan da kika riƙe. Ke al'ada ta ɗaure miki baki, domin a wurinmu uwar baftisma ba ta tsayawa gaban jama'a ta tona ɗan da ta ɗauka. Ni haifarsa na yi, ba abin da ya ɗaure nawa bakin, don haka zan faɗa.

A gonar auduga muka fara haɗuwa, ina yarinya, ke kin fara zama budurwa. Ina jan buhun da ya fi ni tsawo ina kuka, yatsuna duk sun fashe. Kika bar layinki kika dawo nawa, kina tsinka kina zubawa a buhuna, kina yi mini tsiya wai da hawaye auduga ne da na fi kowa awo. A wancan zamani layin dogo ne ya raba garin nan biyu. Arewa Turawa, da kwalta da fitilu, kudu mu, da taɓo. Kakanninmu suna kiwo a ƙasar nan tun kafin a ja iyaka, amma gidan abinci sai ta taga ake miƙo mana, gidan silima sai can sama, makaranta kuma tamu daban ce, mai rufin kwano. Har matattu ba su tsira ba. Maƙabarta ɗaya ce, amma an ja waya mai ƙaya ta tsakiyarta. Can akwai ciyawa da famfo da manyan itatuwa, nan sai ƙaya da awakin mutane.

Ba zan manta ranar da aka kawo gawar Rogelio daga yaƙin Koriya ba. An lulluɓe akwatin da tuta, sojoji biyu sun rako shi, ɗaya riƙe da begila. Motar ta nufi babbar ƙofa, mai gadi ya fito ya nuna mata hanya da hannu, ta zagaya ta bayan gari ta shigo ta inda awaki ke shiga. Sojan nan Bature, yaro ne shi ma, ya tsaya cikin ƙaya yana busa, fuskarsa ta yi ja don kunya. Mahaifiyarku ta karɓi tutar ta yi godiya. Ke kuwa ba ki yi kuka ba, wayar kawai kike kallo. Muna fitowa kika ce mini, "Ofelia, harsashi bai tambaye shi wane harshe yake yi ba, sai maƙabarta ce za ta tambaya." Daga ranar kika ɗaura ɗamara da wayar nan.

Mutane sun san ki da faɗa, ni na san ki da furen takarda. Duk shekara in ranar tunawa da matattu ta gabato, farkon Nuwamba, gidanki ba wurin sa ƙafa. Ki yanka takarda mai launi, ki naɗa, ki tsoma a narkakken kaki don kada ruwa ya ɓata, ki ɗaura a kan waya ya zama kambi. Masu iyali su zo su saya wa nasu. Amma rabin abin da kike yi ba na sayarwa ba ne. A gefen kudu, kewaye da Rogelio, akwai kaburburan 'yan ci-rani da suka ƙetaro kogin iyaka tsinkar auduga, zafin rana ya kashe wasu, mota ta kife da wasu, aka rufe su da gicciyen katako wanda gara ta daɗe da cinyewa. Ba uwa, ba mata, wasu ko suna babu. Kina kiransu "baƙina". Ko wane tudu sai kin share shi, kin aza masa kambi, kin yi masa addu'a. Na taɓa ce miki, mace da ciwon baya, wa ya aike ki? Kika ce ai wata tsohuwa tana can ƙetare har yanzu tana duban hanya, aikinta kike riƙe mata.

Da na haifi Baldemar, maigidana Crisóforo yana can arewacin ƙasar aikin gona, ba ni da kowa sai ke. Ke kika kira ungozoma, ke kika yi mini wanki da girki har na miƙe. Allah bai ba ku haihuwa ba ke da mijinki Anselmo, kuma ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Da na roƙe ki ki zama madrina ɗin yaron, wato uwar baftismarsa, sai kika zauna a bakin gado kika rufe fuska da gyale. Kika ce, "Kin san abin da kike ba ni kuwa? Ba na mayarwa fa." Ba ki kuwa mayar ba. Takalminsa na farko ke kika saya. Rigar da ya sa ranar da ya fara karɓar Jibin Ubangiji a coci ke kika ɗinka. In ya yi laifi a gidana, gidanki yake gudu, ki ja masa kunne, sannan ki cika masa ciki ki rako shi.

Yana aji biyu ya dawo da shatar rula a tafin hannu, wai an ji shi yana Sifaniyanci a filin wasa. Ni na ce a yi haƙuri, haka ake yi wa kowa. Kika ce in sa takalmi. Kika ja ni har ofishin shugaban makaranta, ina ɓuya a bayanki kamar ni aka kama. Da guntun Turancinki kika ce masa, "Harshen nan a nono ya sha shi. In duka za a yi, a fara da mai nonon, ga ta nan na kawo maka." Kika jawo ni gaba. Mutumin ya rasa inda zai sa idonsa, ni kuma na so ƙasa ta tsage. Ba a sake taɓa yaron ba. Shekara da shekaru in muka tuna sai mun yi dariya har da hawaye.

A gindinki ya koyi tsayawa. Lokacin da yaranmu suka fice daga babbar makaranta don an hana su komai sai shara da ajin koyon sana'a, shi ne a gaba, ke kina bayansu da tukunyar abinci. Maganar waya kuwa kin kai ta majalisar gari har ba adadi, kullum a ce a dawo. Ranar tunawa da matattu ta shekarar 1971, da rana tsaka, maƙabarta cike da mutane, kika fito da filayar Anselmo daga cikin kwandon furanni kika datse silin farko. Mata suka fara miƙo hannu. Baldemar, saurayi ɗan sha tara, shi ya naɗe wayar ya saɓa a kafaɗa, ƙaya tana yaga masa riga. Ɗan sanda ya tare mu a ƙofa ya ce, "Herminia, kin san wannan dukiyar gari ce?" Kika ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa muke kai muku abinku." Muka bi yaron a baya har ƙofar majalisa, ya ajiye musu a kan matakala. An tsare ki kwana ɗaya, amma ba a sake jan wayar ba.

Da ya ce zai karanta lauya, ke kika fi ni rawar kai. Duk Asabar muna naɗa tamale, wani irin alalen masara, muna sayarwa a bakin coci, ke kina cewa kowa, "Saya, saya, lauyanku kuke ciyarwa." Ranar da aka zaɓe shi magajin gari, na farko daga kudancin layin dogo, na ga abin da ban taɓa gani ba: kin yi rawa a tsakiyar titi da sandarki. Kika rungume ni kika ce yanzu kam ko yau aka kira ki kin shirya. Ina ma a lokacin aka kira ki, Komadre. Allah ya yafe mini wannan magana, amma har zuciyata nake faɗinta.

Bara da bazara muka je share kabarin Crisóforo muka tarar an kafa turaku a gefen kudu, an ɗaura musu jan ƙyalle, an ja igiya. Da muka bincika sai aka ce wata masana'anta za ta zo bayan gari, ana son titin manyan motoci. Hanya biyu aka auna. Ɗaya ta gefen filin wasan masu kuɗi da ke arewa, ɗaya ta kan matattunmu. Majalisa za ta zauna ta zaɓa, kuma doka ta ce duk mai ƙorafi ya zo ranar ya faɗa, in an wuce ranar an wuce. Kika tashi kamar an mayar miki da ƙuruciya. Gida gida kika bi da sanda. Zauren ƙungiyarmu ta taimakon juna ya cika har waje, waɗanda suka koma manyan birane suka ce za su zo da motoci. Ba wanda ya yi shakkar za mu cika majalisar nan har a rasa wurin tsayawa.

Ranar Lahadin da ta gabaci zaman, bayan an taso daga coci, Baldemar ya zo gidanki. Ina nan, Araceli ma tana nan. Kika zuba masa kaza da shinkafa, ya ci ya ƙara, yana yi miki wasan da ya saba, wai girkina bai kama ƙafar naki ba. Da ya gama sai ya gyara zama.

Ya ce, "Madrina, alfarma na zo nema. Ki ce wa mutane kada su zo."

Kika ce, "Kai, ɗan nan, kazar ce ta hau maka kai?"

Ya ce, "Ki saurare ni. In aka cika zauren da ihu, 'yan majalisa za su taurare, su ce an yi musu taron dangi. Ni na san yadda zan bi da su cikin ruwan sanyi. Na riga na gama magana da kowa. Ki bar mini."

Kika daɗe kina kallonsa. Ya tashi zai tafi, ya sunkuyar da kai gabanki neman albarka, yadda yake yi tun yana ɗan mitsitsi. Kika ɗora babban yatsa a goshinsa za ki zana gicciye, sai kika tsaya, hannunki yana wurin. Kika ce, "Faɗa mini yanzu." Ya ce, "Madrina, muddin ina kan kujerar nan, ba kabarin da za a taɓa." Kika ƙarasa gicciyen, ya sumbaci hannunki, ya fita.

Araceli ta ce, "Goggo, ki sa ya rubuta mana." Kika juyo mata kamar ta zage ki. Kika ce, "Rubutu? Bature ake cewa ya rubuta. Wannan ni na riƙe shi a gaban Allah, kuma hannuna yana goshinsa ya yi magana. Ke wace irin tarbiyya aka yi miki?" Ni ma na goyi bayanki, domin duk wanda ya tashi a cikinmu ya san maganar da aka yi a ƙarƙashin hannun albarka ba a tambayar mata shaida. Ke da kika shekara hamsin ba ki yarda da "a dawo gobe" ba, a ranar kika aika gida gida a ce kowa ya zauna, ɗanki ya ɗauki nauyi. Mutane suka zauna. Da wani ne ya faɗa da ba su ji ba, amma maganarki ce.

Aka yi zaman, kujerun jama'a wayam. Aka tambaya ko akwai mai ƙorafi, ba kowa. Aka kaɗa ƙuri'a, titi ya bi ta kudu. Mafi yawan 'yan majalisar yanzu namu ne, masu sunaye irin namu, waɗanda suka ci tamale ɗinki, kuma magajin gari ne ya fara ɗaga hannu. A rediyo muka ji. Kina zaune kina yankan takarda, kika ajiye almakashi, kika ce wa Araceli ta kashe rediyon. Da ɗan gari akan ci gari, mun sha faɗa a kan wasu, ban taɓa zaton a kan ɗan cikina zan faɗa ba.

Na same shi a ofis washegari. Bai ɓuya ba, wannan kam zan ba shi. Ya ce, "Mama, matattu ba sa neman aiki. Yaran unguwarmu suna watsewa birane, masana'antar nan za ta riƙe su. In ba titi, ba masana'anta." Na ce to, me ya hana titin bi ta filin wasa? Ya ce, "Mama, su suna da lauyoyi." Na ce, "Mu ma mun ɗauka muna da ɗaya." Na tambaye shi, ranar Lahadin nan da ya sunkuyar da kai, ya riga ya sani? Sai ya hau gyara takardun da ke gabansa. Na san ɗana. Ya sani.

Ba aikin yi nake ƙi ba, kada wani ya juya mini magana. Ni ma ina da jikoki. Da ya zo ya ce, Madrina, ga abin da na yanke, ku zo ku yaƙe ni, da kin yaƙe shi da rana, da yamma kin zuba masa abinci. Abin da ya yi daban ne. Ya san abu ɗaya ne a garin nan zai iya hana titin, wato muryarki, ya kuma san abu ɗaya ne zai iya rufe muryar. Turawa sun yi shekaru suna nema ba su samu ba, domin ba su san hanyar ba. Shi ya sani, a cinyarki ya koya.

Bayan kwana biyu ya aiko da tayi. Duk kabarin da ke da dutse za a ɗauke shi a mayar gefen arewa. Waɗanda ba su da alama za a tattara ƙasusuwansu a rami ɗaya a kafa allo. Ke da Rogelio kuwa an ware muku wuri mafi kyau, ƙarƙashin manyan itatuwa kusa da babbar ƙofa, ƙofar da aka hana shi shiga. Ɗan aiken yana ta murmushi, yana ganin albishir ya kawo. Kika ce masa, "Ka ce na gode. Ka ce masa na yi yaƙi ne don kada a ware mu, ban yi don a zaɓe ni ba. Baƙina kuma ba shara ba ne da za a tara a rami ɗaya."

Mutane suka yi ta zuwa suna roƙonki ki fito ki yi magana. 'Yan jarida daga birni suka zo har ƙofa. Kalma ɗaya daga bakinki da ta gama da shi a garin nan. Kika ƙi. Wasu suka fara cewa an saye ki, wasu suka daina gaishe ki a coci, ke da kika share wa iyayensu kabari. Kin ji, kin haɗiye. Ni kaɗai kika ce wa, "Komadre, na yi wa Allah alkawari a kan yaron nan tun bai san sunansa ba. Don shi ya karya nasa, ba zan karya nawa ba." Na ce to ni fa? Kika ce, "Ke uwa ce, tsakaninku ne." Wannan shirun shi ya cinye ki, ba ciwon ƙirjin da likita ya rubuta ba. A Nuwamba duk da haka kika yi furanninki, kika tsallaka igiyar masu awo, kika aza wa kowane tudu kambinsa. Iska mai sanyi ta kama ki a can, daga nan ba ki ƙara tashi sosai ba.

Ana saura 'yan kwanaki, da la'asar, kika kira ni da Araceli. Kika ce a gefen Rogelio za a sa ki, wurin da kika tanada tun mahaifiyarku tana da rai. Araceli ta ce majalisa ta hana sabon rufi a gefen. Kika ce, "To su zo su hana ni." Sannan kika ce Baldemar ne zai ɗauki akwatin ta wajen kai. Araceli ta miƙe tsaye ta ce wallahi ba zai taɓa shi ba. Kika ce, "Zauna, sarkin zuciya. Haƙƙinsa ne. Ni na ɗauke shi zuwa ruwa, shi zai ɗauke ni zuwa rami. Haka aka yi wa kowa, haka za a yi mini." Ban sani ba ko yafiya ce, ko kuwa ita ce maganar da kika kasa faɗa a gaban jama'a. Na tambaye ki, kika rufe ido kika ce in miƙo miki ruwa.

Ranar Juma'a muka rufe ki. Motar haƙa ta gari ba ta zo ba, an ce ba izini. Tsofaffin ƙungiya suka fito da shebur da diga, 'ya'yansu suka karɓa, har da waɗanda suka daina gaishe ki. Ƙasar wurin tauri gare ta kamar dutse, suka haƙa da hannu yadda aka yi wa iyayenmu. Da aka fito da ke daga coci, Baldemar yana tsaye a gindin matakala da baƙar kwat, mutane sun bar masa fili kamar mai cuta. Araceli ta kalle ni. Na je na ce masa, "Madrinarka ta ce kai za ka riƙe kai." Ya je ya sa kafaɗa ya ɗauki akwatin.

Bai san inda za a kai ki ba sai da muka shiga babbar ƙofa muka wuce manyan itatuwa ba mu tsaya ba. Na ga ya so ya tsaya, amma akwati ba ya jiran mutum ɗaya. Muka bi ta tsakiyar maƙabarta har gefen kudu, har gaban igiyar nan mai jan ƙyalle. Masu ɗauka suka tsaya, domin wanda ke gaba shi zai fara tsallakawa. Duk garin yana bayansa. Ya ɗaga ƙafa ya tsallaka da ke a kafaɗarsa. Shi ya riƙe igiyar da aka zura ki da ita, shi ya fara zuba ƙasa, yana kuka kamar ranar da aka duke shi a makaranta. Ban je na rarrashe shi ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ban kuwa yanke ba, amma ranar ban iya miƙa shi ba.

Yanzu kina nan kwance a tsakiyar inda aka ce titi zai bi, Rogelio a damanki, baƙinki kewaye da ke. Ba a janye komai ba. Turakun suna nan, an ce bayan Ista za a fara. Amma kafin katafila ta taɓa wurin sai an tono ki, kuma ba a tono kowa a garin nan sai magajin gari ya ba da umarni. Ban san abin da zai yi ba. Da ina cewa na san ɗana gaba da baya, yanzu na bar faɗin haka. Abin da na sani shi ne ranar da aka kawo motocin za su same ni zaune a kan kujera a gefen kanki, kuma wannan karon ba wanda zai aiko a ce mu zauna a gida.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Araceli, wadda ta yi jinyarki kamar 'yar cikinki, ta kuma faɗi gaskiya ranar da mu manya muka ƙi ji. Ina yi wa dukan zuriyar Saldívar, da 'yan ƙungiyar taimakon juna, da matan kudancin layin dogo. Ina yi wa iyalan baƙinki da ke ƙetaren kogi, waɗanda ba su san sun yi rashin mai share musu kabari ba. Kai ma Baldemar ina yi maka, domin ka fi kowa rashi. Mutum ɗaya ce a duniya ta yarda da maganarka ba tare da shaida ba, ka kuma rufe ta da hannunka ranar Juma'a.

Komadre, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki. Ya sāka miki da kowane kambi da kika aza wa wanda bai da kowa. Ya haɗa ki da Anselmo da Rogelio da iyayenki a inda ba gefen arewa ba gefen kudu. Ya ba mu haƙurin rashinki, ya ba ɗan da muka yi rainonsa tare kunyar da za ta tsayar da hannunsa. Ki huta, 'yar'uwata. Allah ya sa kada kowa ya tashe ki daga wurin nan sai Shi.

Ofelia Treviño de Quiroga
Santa Rufina